Oliyanda a jikin katanga: a bar ta ko a tumɓuke?

Maman Sadiq
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Wata biyu ke nan da muka tare a wani gida, mun tarar da wasu shuke-shuke guda bakwai a jere jikin katanga, huɗu a tsakar gida, uku a waje ta bakin ƙofa. Sun fi ni tsayi. Ganyensu dogo ne siriri mai kauri, kore shar ko rana ta ƙwalle, furen kuma yawanci ruwan hoda, a dunƙule a kan rassa, da yamma har ƙamshi yake yi. Tun da muka zo ban taɓa ba su ruwa ba, amma ko yaushi ba su yi ba. Jiya wata baƙuwa ta gan su ta ce guba ce, in sa a sare su yau-yau. Ina da yara biyu, ɗan shekara uku da 'yar shekara shida, maigidan kuma yana da awaki uku a baya. Ga hoton nan na sa. Mece ce wannan, kuma da gaske ne maganarta? Wallahi ina son su, su ne suka sa gidan ya kwanta mini a rai.

Ummi
Wa alaikumus salam. Kamar kariya nake gani, Anti.

Malam Habu Mai Lambu
Ba kariya ba ce, Ummi, ko da yake ba ki yi nisa ba, dangi ɗaya ne. Kariya gindinta kumburarre ne kamar tulu, kuma takan zubar da ganye ta bar fure shi kaɗai a kan reshe. Wannan kuwa duk shekara da ganyenta. Sunanta oliyanda, Larabawa na ce mata difla, a wurin masana tsirrai kuma Nerium oleander, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta mata tun 1753. Maman Sadiq, ki je ki duba mini abu ɗaya. Ganyen uku-uku suke fitowa daga gaɓa guda suna kewaye reshen, kowanne da jijiya mai haske a tsakiya? In haka ne babu tantama. Ita da kariya da tumfafiya gida ɗaya suka fito, kuma gidan nan an san shi da dafi. Baƙuwarki ba ta yi ƙarya ba. Amma batun sarewa yau-yau, ki ɗan dakata a tattauna.

Maman Sadiq
Na duba, Malam. Uku-uku ne, wasu ƙananan rassan kuma bibbiyu.

Hajiya Talatu
To me za a tattauna kuma? An ce guba ce, akwai ɗan shekara uku a gida. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ƙanwata, ki samu mai gatari gobe da safe. Furanni sun cika duniya, ɗa kuwa ba a sayo shi.

Dakta Zainab
Bari in faɗi yadda dafin yake, sai kowa ya yi hukunci da sani. Babu wani sashe na shukar nan da ba shi da guba: ganye, fure, reshe, saiwa, iri, da ruwan danƙon da ke fita in an karya ta. Har ruwan da aka jiƙa furen a ciki don ado yana ɗauka. Babban sinadarin ana ce masa oliyandirin, kuma zuciya yake nufa. Kowace ƙwayar halitta ta tsokar zuciya tana da wani ɗan famfo da ke fitar da sinadarin sodiyam yana shigo da na fotasiyam. Wannan gubar toshe famfon take yi. Da ya toshe sai kalsiyam ya taru a ciki, zuciya ta riƙa matsawa da ƙarfi amma tsarin bugunta ya rikice, fotasiyam kuma ya hau a cikin jini. Haka maganin zuciyar nan digozin yake aiki, sai dai shi a auna ake ba da shi, ganye kuwa ba wanda ya san nawa ne a cikinsa.

Alamomin sukan fara cikin 'yan sa'o'i: tashin zuciya, amai, ciwon ciki, gudawa, yawu, jiri, barci-barci. Daga nan bugun zuciya ya yi ƙasa ko ya riƙa tsallake. Wani har ganinsa ya koma rawaya-rawaya.

Abin da ke rage hatsarin ga mutane shi ne ɗaci. Ganyen yana da ɗaci ƙwarai, yawancin yaran da suka tauna tofarwa suke yi nan take, shi ya sa mutuwa ta hanyar kuskure ba ta da yawa in aka kwatanta da yawan shukar a duniya. Mafi yawan waɗanda suka mutu, ko dai da gangan suka ci da yawa, ko sun dafa ta sun sha da sunan magani. Amma ban faɗi haka don a saki jiki ba. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai yi amai ya warke, shi zai iya kai shi ga gadon asibiti. In kika ga ganye a bakin yaro, ki cire, ki kurkure masa baki, ki tafi asibiti da reshen a hannunki ko da yana wasa lafiya lau. Kada ki tsaya sa shi amai a gida, kada ki jira alama. A asibiti akwai gawayi na musamman da ake bayarwa ya kama gubar a ciki, akwai maganin ɗaga bugun zuciya, in abin ya yi tsanani kuma makarin digozin yana aiki a kanta.

Hajiya Talatu
Kun ji dai. Likita ta gama magana.

Baba Ɗanjuma
Likita ta yi bayani, Hajiya, amma ba ta ce a sare ba. Ni na haura shekara talatin da shukar nan a ƙofar gidana. 'Ya'yana sun tashi a gabanta, yanzu jikoki ne ke wucewa ta gindinta. Tun suna tatata nake kama hannunsu in kai su in ce wannan ta kallo ce, ba a taɓawa, ba a sa wa a baki, kamar yadda ake nuna musu wuta da wuƙa. Ba mu fitar da murhu daga gida don yana ƙuna ba.

Ku bar ni in faɗi abin da ya sa nake ƙaunarta. A shekarar da ruwa ya yi mana wuya, duk abin da na dasa ya ƙone, har ciyawa ta zama toka. Ita kaɗai ta tsaya, kuma ba tsayawa kawai ba, fure ta yi, ja wur, a tsakiyar zafin nan da ko tsuntsu ba ya son tashi. Mutum ya fito da rana tsaka, ƙasa fari fat, ya ga abu guda kore yana fure, wannan ba ƙaramin sanyin ido ba ne. Wanda bai zauna inda shuka ke wahalar rayuwa ba, ba zai gane darajar irin wannan ba.

Hajiya Talatu
Baba, murhu dole ne, fure ba dole ba ne. Nan muka rabu. Kuma ƙofar gida daban, tsakar gida daban. Naka a waje suke. Nata huɗu suna inda yaro ke rarrafe.

Baba Ɗanjuma
Wannan kam kin faɗi gaskiya, 'yata. Nawa a waje suke.

Nura Likitan Dabbobi
Ni abin da ya ɗaga mini hankali a saƙon Maman Sadiq ba yaran ba ne kawai, awakin ne. A wurin aikinmu oliyanda ta fi kashe dabba fiye da mutum nesa ba kusa ba. Doki, saniya, tunkiya, akuya, jaki, raƙumi, kare, kaji, duk tana kayar da su. Ɗanyen ganye a jikin shuka dabba mai ƙoshi takan guje shi saboda ɗaci. Inda ake samun asara shi ne yankakken reshe da busasshen ganye. Bushewa ba ta kashe gubar, ɗacin ne kawai ke raguwa, sai dabba ta haɗa da ciyawa ta cinye ba ta sani ba. Kuma ba sai da yawa ba, 'yan ganyen da ba su cika tafin hannu ba sun isa su kashe babbar dabba.

An taɓa kirana wani gida da sassafe, tumaki biyu sun mutu cikin dare, ta uku tana kwance tana nishi, kunnuwanta sun yi sanyi. Mai gidan ya rantse bai sauya musu abinci ba. Da na zagaya sai na ga an yi wa shingen maƙwabta aski, an watso rassan ta kan katanga, wanda ya watso ma nufinsa alheri ne, ya ɗauka ganye ne dabbobi za su ci. Ta ukun ma ba ta kai azahar ba. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan raina yana ɓaci, don da ɗaya daga cikinsu ya san shukar da ba a yi wannan asarar ba.

Saboda haka, Maman Sadiq, ki faɗa mana tazarar da ke tsakanin shukokin da turken awakin. Iska tana kai busasshen ganye can? Mai shara yana zuba sharar tsakar gida a wajensu?

Maman Sadiq
Innalillahi. Likita, biyu daga cikin na cikin gidan ba su fi taku biyar da turken ba. Kuma wallahi nan ake tara shara kafin a kwashe. Yanzu na je na sa an share wurin tas.

Nura Likitan Dabbobi
Waɗannan biyun dai ba shawara, su tafi. Akuya ba ta jin gargaɗi irin na Baba.

Sagir
A sare su a tara a banka musu wuta, a huta.

Malam Habu Mai Lambu
A'a Sagir, kul! Kada a ƙona. Hayaƙinta ma yana cutarwa, yana shaƙe ƙirji yana sa ido ruwa. Ba a yin itacen girki da ita, ba a soke abin gashi da tsinkenta, ba a yin asuwaki da reshenta, ba a motsa tukunya da shi. Rassanta miƙaƙƙu ne masu santsi, suna jan hankalin mai neman sanda ko tsinke, to a nan hatsarin yake. Wanda zai sare ta ya sa safar hannu da riga mai dogon hannu, don danƙon yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, in ya shiga ido kuma sai an ji jiki. In an gama a wanke hannu da almakashin da sabulu. Rassan a haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ɗaure su a buhu a kai inda dabba ba ta kiwo.

Auwal Ɗalibi
Malamai, ku yi haƙuri in ɗan sa baki, fannin tsirrai nake karanta. Abin da Baba ya gani na jure fari yana da dalili a jikin ganyen. Samansa fata ce mai kauri kamar an shafa kakin zuma. A bayansa kuma akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, cike da gashi, kuma a cikin ramukan nan ƙofofin numfashin ganyen suke ɓoye. Iska mai zafi tana wucewa ta sama ba ta kai gare su ta kwashe danshi ba. Abin mamakin shi ne asalinta ba shukar tudu ba ce. A inda take fitowa da kanta, daga Maroko da ƙasashen bakin Bahar Rum har Gabas ta Tsakiya da Indiya, a cikin kwarin rafi ake samunta, irin rafin da ke cika ya yi ambaliya wata biyu sannan ya ƙafe sauran shekara. Shi ya sa ta iya duka biyun, ambaliya ba ta kashe ta, fari ba ya kashe ta, saiwarta tana bin danshi can ƙasa.

Wani abu kuma, furen nan mai kyau da ƙamshi ba shi da ruwan zaƙin da ƙudan zuma ke nema. Ƙwaro ya zo don kala da ƙamshi ya tafi hannu rabbana, shi ya sa ba su cika ziyartarsa ba, kuma fure kaɗan ne ke zama 'ya'ya. In ya yi, za ku ga kwanso biyu dogaye kamar ƙaho, in sun bushe su tsage, iri mai gashi ya fito iska ta ɗauka, kusan irin na tumfafiya.

Ummi
Ikon Allah. To ni tawa da ke bayan taga, furenta rawaya ne kamar mazurari, ita ma oliyandar ce?

Auwal Ɗalibi
Ganyenta sirara ne sosai masu sheƙi, ɗai-ɗai a jikin reshe ba uku-uku ba? Tana yin 'ya'ya kore mai ɗan tudu, in ya nuna ya yi baƙi, da ƙwallo mai tauri a ciki? In kin karya reshe farin ruwa ya fito kamar madara?

Ummi
Ita ce sak.

Dakta Zainab
Ummi, wannan ita ake kira oliyanda rawaya. Jinsi ne daban, asalinta daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, amma dangi ɗaya ne kuma irin dafin ɗaya ne. Ni ita ta fi ba ni tsoro a gidan da ke da yara, saboda 'ya'yan. Ganye yaro zai tofar, ƙwallo kuwa abin wasa ne, zai fasa ya ci abin ciki, kuma a ƙwayar gubar ta fi taruwa. A Sri Lanka da kudancin Indiya asibitoci sun daɗe suna fama da masu cin ƙwayar nan, an yi asarar rayuka da yawa. In za ki bar ta, ki riƙa tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye, kada ko ɗaya ya faɗo ƙasa.

Sagir
Amma Dakta, na ji ana cewa tana maganin daji da ciwon zuciya, har lokacin korona an yi ta zancenta. Tunda kin ce aikinta irin na maganin zuciya ne, ba za a iya dafa ganye ɗaya a sha kaɗan ba?

Dakta Zainab
Sagir, don girman Allah kada ka sake faɗin wannan a inda mai ciwo zai ji. Gaskiya ne an yi gwaje-gwaje da oliyandirin a ɗakin bincike, amma abu ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba daban, ya warkar da mutum bai kashe shi ba daban. A 2020 an yi ta tallata shi a Amurka da sunan maganin korona, hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta ƙi amincewa a sayar da shi ko a matsayin ƙarin abinci. Tsakanin adadin da zai taɓa zuciya da wanda zai tsayar da ita tazarar siririya ce kamar gashi, kuma ƙarfin gubar yana bambanta daga shuka zuwa shuka. Wanda ke shan digozin ko yake da ciwon ƙoda ma abin ya fi saurin kayar da shi. Babu wani kaɗan a nan.

Sagir
Na ji, Dakta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Baba Ɗanjuma
Tunda an faɗi sharrinta, a bar ni in ƙara faɗin alherinta, don a yi mata adalci. Bayan bam ɗin da aka jefa wa birnin Hiroshima na Japan a 1945, mutane sun ɗauka ƙasar ba za ta sake fitar da tsiro ba sai bayan shekaru masu yawa. Oliyanda ce ta fara yin fure a cikin tokar nan, kuma yau ita ce furen birnin a hukumance. A Galveston ta jihar Texas a Amurka, bayan guguwar 1900 da ta rushe garin, an cike tsibirin da yashin teku don a ɗaga shi, yashi mai gishiri da shuka ba ta so. Ita aka bi tituna ana dasawa, ta kama, har ana yi wa garin laƙabi da sunanta. A Kalifoniya kuwa ita aka jera a tsakiyar manyan hanyoyi, tana shan hayaƙin mota da ƙura da zafin kwalta, tana tare wa direba hasken fitilar motar da ke tahowa. Tun zamanin Rumawa ake ƙawata gida da ita, zanenta na nan a bangon gidajen Pompeii, tsohon birninsu. Duk waɗannan mutanen sun san tana da dafi. Wurin da ya dace da ita suka ba ta.

Hajiya Talatu
Tsakiyar titi, Baba. Ka faɗa da bakinka. Ba yaro, ba akuya. Ni ban ce a shafe ta daga doron ƙasa ba, cewa na yi ba ta da wuri a inda ake shanya da wasan yara.

Auwal Ɗalibi
Kuma ba ko'ina ake maraba da ita ba. A Afirka ta Kudu tana cikin jerin baƙin tsirrai masu mamaye bakin rafuka, don irin nan mai gashi yana bin ruwa ya tsiro inda ba a gayyace shi ba.

Maman Sadiq
Na gode ƙwarai, kowa ya ƙara mini ilimi. Mun yi magana da maigidan. Huɗun cikin gida duk za a cire, ba biyu kawai ba, don ƙaramin nawa komai ya gani sai ya kai baki. Ukun waje za mu bari. Amma Malam Habu, akwai mai farin fure guda ɗaya a cikin waɗanda za a cire, ita ta fi ƙamshi, kuma babu irinta a waje. Akwai yadda zan samu irinta in dasa a wajen? Sannan na wajen sun yi tsayi sun zama sanduna, ƙasa ba ganye, fure can sama.

Malam Habu Mai Lambu
Wannan abu ne mai sauƙi, kaɗan ne cikin shuke-shuke suka kai ta saurin kamawa. Kada ki bi ta iri, don abin da ya tsiro daga iri ba lallai ya ɗauko kalar uwar ba, kina son fari ki samu ruwan hoda. Reshe za ki yanka. Ki zaɓi wanda ba ɗanye sharaf ba kuma bai tsufa ya yi ɓawo ba, kaurin fensir, tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, ki yanka daf da ƙasan gaɓa. Ki cire ganyen ƙasa duka, ki bar biyu ko uku a sama, su ma ki rage musu rabi da almakashi don kada su zuƙe ruwan reshen. In akwai fure ko toho na fure a kai ki cire. Daga nan hanya biyu ce. Ko ki tsoma gindin a kwalba mai ruwa, ki riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu-uku, ko ki soka a yashi mai danshi a inuwa mai haske. Cikin sati uku zuwa shida za ki ga fararen saiwoyi. Na kwalba kada ki bari saiwar ta yi tsawo sosai, da ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ki mayar da ita ƙasa a hankali, don saiwar ruwa tana da saurin karyewa. Ki yanka biyar ko shida, ba ɗaya ba. Kwalbar kuma ki ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, kin ji abin da Dakta ta ce game da ruwan.

Wajen dasawa, rana take so, cikakkiya. A inuwa za ta rayu amma sai ta yi ta miƙewa ba fure. Ƙasa ba ta zaɓe, yashi, tsakuwa, laka, har mai gishiri-gishiri. Ki bar tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu tsakaninsu, ki kuma janye ta daga jikin katanga da bututun ruwa, don babba tana kai mita 2 zuwa 6 kuma tana buɗewa. Shekarar farko ki ba ta ruwa a kai a kai har ta kafu. Bayan nan ko kin manta da ita ba za ta mutu ba, sai dai gaskiya wadda ake ba ruwa mai yawa jefi-jefi a lokacin zafi ta fi yin fure. Taki kaɗan ya isa. In kika cika mata takin zamani mai sa ganye, za ki samu daji kore ba fure.

Batun na waje da suka zama sanduna, rashin aski ne. A kan sabon reshe take yin fure, don haka ki jira ta gama zubin furenta, sannan ki duba tsofaffin sandunan, ki yanke kashi ɗaya cikin uku tun daga gindi, kusa da ƙasa. Sauran ki rage musu kai, daidai saman gaɓa. Inda kika yanka sababbin rassa za su fito, sau da yawa uku, daidai da ganyen nan uku. Baɗi ki cire wani kashin, shekara ta uku ki ƙarasa. Haka za ta sabunta ba tare da ƙofar gidanki ta zauna tsirara ba.

Ummi
Malam, ni kuma 'yar ƙaramar da nake da ita a tukunya wasu ƙwari rawaya ne suka lulluɓe kan tohon, ganyen ya yi danƙo ya yi baƙi.

Malam Habu Mai Lambu
Darɓa ce, irin tata ta musamman, rawaya mai baƙaƙen ƙafafu. Gubar ba ta yi musu komai, tara ta ma suke yi a jikinsu don kada a cinye su. Danƙon kashinsu ne, baƙin kuma fumfuna ce da ke tsirowa a kansa. Ki fesa musu ruwa da ƙarfi da safe, in sun dawo ki sa ɗan sabulu a ruwan. Ba su kashe shuka, muni kawai suke sa mata. Ki rage taki, sabon toho mai laushi suke bi. Tunda a tukunya kike so, akwai gajerun iri da ba su cika wuce mita ɗaya da ɗan wani abu ba. A ƙasashe masu tsananin sanyi ma a tukunya ake rainonta, a shigar da ita ɗaki in hunturu ya zo, don ƙanƙara mai ƙarfi tana ƙona ta.

Auwal Ɗalibi
In kuma kuka ga ƙatuwar tsutsa kore mai ɗigo biyu shuɗɗa kamar idanu tana cin ganyen, ta wani babban malam-buɗe-littafin dare ce mai launin kore, kyakkyawa ƙwarai. Ɗaya ko biyu ba za su yi wa babbar shuka illa ba. Cutar da ke kashe ta da gaske ta bakteriya ce, Xylella, wadda ke toshe hanyoyin ruwa a cikin reshe. Bakin ganye ya yi rawaya ya ƙone kamar ƙishirwa, a ba da ruwa bai farfaɗo ba. Ta hallaka oliyanda da yawa a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1990, kuma ba ta da magani sai cirewa. Akwai kuma wadda ke sa ƙulli-ƙulli a reshe, ita almakashi ke yaɗa ta, shi ya sa yake da kyau a goge shi kafin a koma kan wata shukar.

Hajiya Talatu
To alhamdulillahi, ƙanwata, hankalina ya kwanta da na cikin gida. Na wajen ma ki tuna yaran maƙwabta da dabbobin da ke wucewa. A riƙa share abin da ya zuba.

Maman Sadiq
In sha Allahu, Hajiya. Zan kuma gaya wa maƙwabtan ko mece ce. Malam, na yanki rassa shida na farar, suna cikin kwalba a saman kabad. Mai saran zai zo jibi. Ya sare daidai ƙasa ya isa?

Malam Habu Mai Lambu
Bai isa ba. In ya bar kututturen, kafin wata biyu za ki ga toho ya fito a kewaye, ya fi na da yawa, kuma daidai tsayin bakin akuya da hannun yaro. Ya zo da diga ya haƙe gindin da manyan saiwoyin. Ku ɗaure awakin nesa ranar, a share wurin sau biyu kafin a sake su, har ganyen da ya maƙale a lungun katanga. Bayan nan ki riƙa leƙa wurin har wata uku, duk tohon da ya ɓullo ki cire shi da safar hannu tun yana ƙarami.